Dagin da ya fito a kwance

'Yar Argungu:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina kwananmu, ya sanyi? Don Allah ku agaza min, kaina ya ɗaure. Wata Hajiya a Birnin Kebbi ta ba ni aikin saƙa shawul na kafaɗa, faɗi santimita 60, tsawo 180, ruwan toka, tana son dagin Arewa da farin zare a kowane baki. Na yago takarda mai gida-gida daga littafin lissafin ƙanena, na zana dagin, gida 30 a tsaye, gida 30 a kwance, kowane gida ido ɗaya, wato madauki ɗaya na saƙa. A takarda ya yi kyau har na ɗauke shi hoto. Kwana tara ina saƙa. Jiya na shimfiɗa a kan gado sai na ga dagin ya baje kamar an zauna a kai. Ga gefen shawul ɗin yana naɗewa kamar tabarma, bayansa kuma duk zare ne miƙe-miƙe. Sau uku ina sake ƙirga, ban yi kuskuren ido ko ɗaya ba. To ina matsalar take? Ga hoton nan.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Kai, ƙanwata! Wannan ai ba dagi ba ne, kwaɗo ne mota ta bi ta kai. Yi haƙuri, dariya ce ta ci ƙarfina. Warware kawai. Ni shi ya sa ba na ɗora wa kaina zane. In na buɗe YouTube na ga wanda ya yi min, sai in bi mai koyarwa ido da ido har ƙarshe. Waɗanda suka fi mu sanin abin sun gama lissafin, mene ne na wahala?

Malamar Lissafi:
Kada ki warware tukuna, tsaya ki auna, don wannan ɓarnar ita ce za ta ba ki amsa. Ɗauko tef ɗin tela ki ɗora a tsakiyar saƙar, ba a gefe ba. Ki gaya min ido nawa ne a santimita 10 a kwance, layi nawa ne a santimita 10 a tsaye.

'Yar Argungu:
Na auna Malama. Ido 20 a kwance, layi 28 a tsaye.

Malamar Lissafi:
To ga ɓarawon nan mun kama. Gidan takardarki tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, amma idon saƙar kibiya ba haka yake ba, ya fi faɗi a kan tsawo. A hannunki ido 30 ya ba ki santimita 15, layi 30 kuwa bai kai santimita 11 ba. Kin ga dole dagi ya zauna daɓas. In kina son ya tashi daidai, faɗi 15 tsawo 15, sai kin ba shi layi 42, wato 30 sau 28 a raba da 20. Ki bar takardar ƙanenki, ki ja layukanki da kanki da rula, kowane gida faɗinsa milimita 7, tsawonsa milimita 5. Duk abin da kika zana a wannan takardar, haka zai fito a saƙa.

Naɗewar gefe kuma ba laifin hannunki ba ne. Saƙa mai santsi, wadda ake yin layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, halinta ke nan tun da aka san ta. Fuskarta da bayanta ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai ta riƙa janyo gefe. A suwaita ba a gani saboda an ɗinke gefen. A shawul da mayafin wuya babu ɗinki, sai ta nuna halinta. Maganinta ki yi mata baki da saƙar da ba ta naɗewa, ko gaba-gaba a kowane layi, ko mai ƙwaya-ƙwaya ɗin nan, ido ɗaya gaba ɗaya baya, layi na biyu a juya.

Amaryar Yauri:
Malama ni ido uku nake sa wa a gefe kuma yana ɗan naɗewa.

Malamar Lissafi:
Uku ya yi kaɗan, amarya. A abu mai faɗin santimita 60 ni ba na yin ƙasa da takwas zuwa goma kowane gefe. In bakin ya yi siriri, shi kansa sai ya kife ya koma baya.

Ta Kamba:
Mai ƙwaya-ƙwayar nan da Malama ta faɗa, wadda ta koya min saƙa 'yar Gaya ce ta tsallaken iyaka, da takardun saƙa na Faransanci ta koya. Ta ce a can ƙwayar shinkafa suke kiran ta. Na ce ashe ta Kabawa ce, aron ta suka yi.

Maman Biyu:
Hahaha, Kabawa komai shinkafa. Amma fa ku duba, duk wannan raba da sau ɗin da Malama take yi shi ne abin da nake gudu. Na bar makaranta don lissafi, yanzu kuma ya biyo ni har cikin zare?

Malamar Lissafi:
Maman Biyu, ke da kike sayar da kayan sanyi kina ƙirga riba har da canjin naira hamsin, ke ce mai gudun lissafi? Kuma bari in tambaye ki. Mai koyarwar da kike bi ta ce a ɗora ido 50. Da wane zare? Da wace kibiya? Hannunta matsattse ne ko sakakke? In zarenta ya fi naki kauri, ita ta samu mayafin wuya, ke ki samu ɗamara. Ba bin nasu nake hanawa ba, ni ma ina kallo ina ƙaruwa. Abin da nake cewa, lambar da ta faɗa ta hannunta ce. Taki sai kin saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu biyu, kin wanke shi, ya bushe, kin auna.

Maman Biyu:
Gaskiya akwai wata hular jariri da na bi daidai da daidai, da na gama sai kan mijina ta shiga. Na ɗauka matar ce ta yi ƙarya.

Gwaggo Gwandu:
Allah Ya shirye ki Maman Biyu.

Ni abin da ya fi damuna a hoton ba dagin ba ne, bayan ne. 'Yata, wannan zaren da kika riƙa ja ta baya daga fari zuwa fari, wani ya kai tsawon ɗan yatsa. Shawul ba riga ba ne, iska tana juya shi, kowa yana ganin bayansa. Hajiya tana yafawa ɗankunne zai kama, zobe zai kama, awarwaro zai kama. Salon nan na launi biyu ana jan zare ta baya, mutanen tsibirin Fair Isle na arewacin Sikotland ne suka yi suna da shi, amma su rigunan sanyi da huluna suke yi, bayan yana ciki ba mai gani, kuma zanensu ƙanana ne, zaren ba ya yin tsalle mai nisa. Ulunsu na tumaki ne mai kama juna, yau da gobe zaren bayan sai ya manne. Namu na roba santsi gare shi, ba ya mannewa har abada.

In ni ce, zan saƙa shawul ɗin ruwan toka zalla, in gama, sannan in ɗauki allura mai babban hanci da farin zare in bi kan idanun ɗaya bayan ɗaya, ina kwaikwayon siffar idon. Daga nesa ba mai cewa ba saƙa ba ce. In kin yi kuskure a dagin, farin kawai za ki zare, ba kwana tara ba.

'Yar Argungu:
Gwaggo wannan ba ha'inci ba ne? Ta ce saƙa take so.

Gwaggo Gwandu:
Ha'inci shi ne ki ɓoye. Gaya mata. Babbar riga ma ai sai an ɗinka ta ake yi mata aiki a kai, wa ya taɓa cewa an cuce shi?

Inna ta Jega:
Jikata ta ka rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen ga. Ina gaishe ku duka ɗiyana. Na ji abin da kunka hwaɗi. Mu da munka tashi ba mu san ulun kanti ba. Kaɗa muka gurzawa bisa dutse, mu shiɓe ta da baka, mu ɗauki mazari da alli mu yi kaɗi. Mai kauri shi na abawa, sirrin kau a kai ma masaƙa su yi sawaye. Gwadon da anka kai ni ɗaki da shi har yau shina nan, jikoki na ka luluɓa da shi in ɗari ya sauka. Kuma ba wanda yaz zana muna komi ga takarda. Masaƙi shina duban zare shi san baƙi nawa za ya jera kahin hwari. Abin da nika so in ce, wanga dagi da kuka wahala da shi, asali nai na allura na da na bangon soro, lanƙwasa gare shi. Saƙa kau tahiya ta kai tsaye. Mi za ya hana ku ɗauki abin da saƙa ka so? Ku dubi hwaihwai, ku dubi tabarma, ku dubi ratsin gwado. Duk ƙirge na, ba lanƙwasa.

Malamar Lissafi:
Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Wannan magana ta fi duk lissafin da na yi. Zanen faifai da na tabarma dama a kan ƙirga aka gina su, hawa-hawa ne kamar matakala, shi ya sa suke zama a saƙa ba gardama. Kuma ga wani sauƙi: a saƙar gaba-gaba, layi biyu suna yin kunya ɗaya irin ta gona, kunya ɗaya kuwa tsawonta ya yi kusa da faɗin ido ɗaya. Wato a nan takardar ƙanenki mai gida-gida za ta yi aiki, in kin ɗauki kowane gida a matsayin layi biyu. Akwai ma hanyar da ake yin launi biyu ba tare da riƙe zare biyu a hannu ba: layi biyu da baƙi, layi biyu da fari, idon da ba kya son ya canza launi sai ki tsallakar da shi zuwa ɗaya kibiyar ba ki saƙa ba. Zaren baya ba ya wuce ido biyu ko uku. Zanen faifai yana fitowa da ita tsaf.

Amaryar Yauri:
Inna, abawar nan har yanzu ana samu? Ina sha'awar in gwada ta da kibiya.

Inna ta Jega:
Sai ƙauye, wurin tsohi irina. In kin samu ki wanke ta tukun, tana shiga ruwa ta tsuke. Kuma ki murɗa biyu wuri guda, guda ɗai tana tsinkewa.

Mai Zare na Tsohuwar Kasuwa:
Salamu alaikum Hajiyoyi, a yi min afuwa, namiji ya shigo maganar mata. Tunda an taɓo zare, sana'ata ce. Abu biyu nake roƙo. Na farko, mai son yin babban shawul ta sayi zarenta duka rana ɗaya. A jikin takardar ƙunshi akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Launi ɗaya ne amma in tukunyar rinin ta bambanta, a shago ba za ki gani ba, sai kin saƙa kin fita rana ki ga layi ya raba shawul biyu. Sai a dawo a ce Alhaji ya ba da jabu.

Na biyu, abin da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Ni ba na ɓoyewa. Tumakinmu na nan, uda da balami da 'yankasa, gashi gare su irin na akuya, ba sa yin ulun da ake kaɗawa. Ulun gaske daga waje yake zuwa, kuma kuɗinsa daban. Mai shakka ta yanki ɗan guntu ta sa masa ashana a waje: na tunkiya yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa, tokarsa ta murƙushe a hannu. Na auduga yana warin takarda. Na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Gwaggo Gwandu:
Alhaji ka tuna min. Don Allah masu saƙa wa tsofaffi da yara, ku riƙa faɗa musu. Lokacin ɗari ne ake kwana da kaskon wuta a ɗaki, ake jin ɗumi a bakin murhu. Ulun roba in ya kama, narkewa yake ya manne a fata. Jelar shawul tana lilo a kan garwashi ba wasa ba ne. Ni tsohuwa in za ta yi girki da shi, na fi son in yi mata gajere mai maɓalli.

Ta Kamba:
Haka ma dogon mayafin wuya ga mai hawa kabu-kabu. Mun san yadda gyale yake shiga taya. Ƙanen maigidana yana kabu-kabu, ya ce in yi masa na wuya saboda iskar asuba. Ban yi masa mai jela ba. Na auna kansa, na saƙa zobe rufaffe da saƙar roba irin ta bakin suwaita, biyu gaba biyu baya, yana zurawa ta kai, in ƙura ta taso ya ja shi ya rufe hanci. Yanzu abokansa huɗu sun aiko. Wannan a wane bidiyo zan gan shi? Mutumin da ke gabana na duba.

Maman Biyu:
Akwai shi a bidiyo mana, Turawa ma suna yi.

Ta Kamba:
Suna yi, amma nasu mai kauri ne na ƙanƙara. Sanyinmu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, shi ma safe da dare. Ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe, mai kauri ya zama kaya. Zuwa Afrilu kuwa ko kallon ulu ba ka son yi. Na yi masa da siririn zare don ya naɗe ya sa a aljihu.

Auta:
Ni ƙarama ce a nan, wata uku da fara koyo, a yi min haƙuri in tambayar ta yi wauta. Shawul mai kusurwa uku ɗin nan, ta ina ake fara shi? Na ɗauka ana ɗora ido ɗari biyu ne a riƙa ragewa.

Malamar Lissafi:
Ba wauta Auta, ana yin haka ma, amma ya fi wuya ga mai koyo. Mafi sauƙi ki fara daga ƙeya da ido kaɗan, ki sa alama a idon tsakiya. Duk layin fuska ki ƙara huɗu: ɗaya a farko, ɗaya kafin idon tsakiya, ɗaya bayansa, ɗaya a ƙarshe. Layin dawowa ba ƙari. In ƙarin da naɗa zare a kan kibiya kike yi, zai bar 'yan hudoji a jere kamar ƙashin baya, ado ne. Bayan layi 100 kin ƙara ido 200, don haka miƙaƙƙiyar kibiya ba za ta ɗauka ba, nemi mai igiya. Daɗinsa, duk inda zare ya kusa ƙarewa sai ki rufe, shawul ya kammala, girma ne kawai ya bambanta.

Akwai kuma wanda ake farawa daga kunne ɗaya zuwa ɗaya kunnen. Wannan sai da sikeli. Ki auna zarenki duka, ki yi ta ƙari a gefe ɗaya har ya rage rabi da ɗan ɗori, sannan ki fara ragewa. Sikelin masu kek ya isa.

Auta:
Na gode Anti. Na rubuta a littafi.

Amaryar Yauri:
Tunda ana maganar zanen gida, ga wanda na gama satin jiya. Na sa masa suna Homa, ragar kamun kifi. Hudojin nan idon koma ne, bakin kuma na yi shi kamar ɓawon kifi. Mu mutanen bakin ruwa ai sai da abinmu.

Maman Biyu:
Amarya, tsaya. Wannan ba shi ne wanda na sa hotonsa a nan bara ba, mai ruwan ƙasa? Har bakin iri ɗaya. Na yi shiru ne da na ga kina tallarsa a Facebook, amma tunda kin kawo shi nan har da raɗa masa suna, gaskiya ban ji daɗi ba. Ko ba komai a ce an gani wurin wance.

Amaryar Yauri:
Haba Yaya. Na ga naki, ban musa ba, kuma ya burge ni. Amma naki yana karkacewa gefe ɗaya, ke da kanki kika yi ƙorafi a lokacin. Sati biyu na yi ina gwaji kafin na gane dalili: in kowane layi naɗa zare ne a haɗe ido biyu ta hannu ɗaya, ragar sai ta riƙa tafiya gefe. Na riƙa sauyawa, wani layin haɗin ya kwanta dama, na gaba ya kwanta hagu, ta miƙe. Bakin kuma naki maimaici takwas ne, nawa goma sha biyu. Kuma ke ɗin da kika ce ba kya zane, a ina kika samo shi?

Maman Biyu:
A bidiyo na gani, amma ni na fara kawo shi garin nan.

Ta Kamba:
To ashe kaza ce ta tono, shaho ya ɗauka.

Gwaggo Gwandu:
Ku bar zolaya, maganar tana da nauyi. Raga da ɓawon kifi ba na kowa ba ne, masunta sun riga mu duka. Aska takwas da ke gaban babbar riga, wa zai ce shi ya ƙirƙiro? Amma Maman Biyu tana da gaskiya a wuri ɗaya: wadda idonki ya buɗe a kan aikinta, ambatonta ba ya rage miki ciniki. Amarya kuma gyaran da ta yi aiki ne, ba kwafa ba ce. Abin da ni ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ta ɗauki hoton aikin wata ta sa a shafinta ta karɓi kuɗin mutane da shi. An yi min, har da zanin gadona a cikin hoton.

Amaryar Yauri:
Na ji Gwaggo. Zan ƙara a rubutun cewa a wurin Yaya na fara gani. Amma sunan Homa nawa ne.

Maman Biyu:
Riƙe sunanki. Turo min yadda ake haɗin hagun nan kawai.

'Yar Argungu:
Ni da nake Argungu ban taɓa tunanin homa ba sai da 'yar Yauri ta riga ni, abin kunya. Tun ina yarinya ake kai mu kogin Matan Fada kallon bikin kamun kifi, dubban mutane da homa da gora suna faɗawa ruwa lokaci ɗaya. Har na fara tunanin in yi na wuya mai hoton giwan ruwa a baki, in kai lokacin bikin, baƙi za su saya.

Gwaggo Gwandu:
Baƙi za su saya, amma ki san wa kike yi wa. Da yawa a nan ba za su yafa abu mai surar mai rai ba, balle su yi salla da shi. Hukuncin a tambayi malamai, ni ciniki nake faɗa miki. Ɓawon kifi da igiyar ruwa da raga ba mai ƙin su. Haka mai hudoji, ki faɗa wa mai saye ado ne na kafaɗa a kan hijabi ko abaya, ba ya maye gurbin mayafi. Kuma ban da shi a shawul ɗin jariri, yatsunsu suna shiga hudar su maƙale. Na goyo a yi shi a cike, ba jela, ba duwatsu.

Malamar Lissafi:
Masu hudojin nan akwai inda aka kai su maƙura. A tsibiran Shetland da kuma Orenburg ta Rasha ana saƙa shawul da zare siriri ƙwarai, har a zura shi duka ta cikin zoben hannu ya wuce. Na Orenburg da laushin gashin akuya ake yi. Amma kada wadda ta gani ta ce za ta yi da ulun roba ta samu haka. Nasu in an jiƙa an miƙe an kafe da allurai ya bushe, hudojin sai su buɗe su zauna. Na roba ruwa ba ya sa shi ya zauna, sai tururi, kuma in dutsen guga ya taɓa shi ya mutu ke nan, ya yi laƙwas yana ƙyalli, ba ya dawowa. Mai dutsen gawayi ma ta bar shi gaba ɗaya.

Bari in koma kan mai tambaya, don mun bar ta a hanya. Ido 20 a santimita 10, faɗi 60, ido 120 za ki ɗora. Goma-goma na baki, saura 100 a tsakiya. Dagi 30, ya rage 70, wato 35 kowane gefe. Tsawo 180 layi 504 ne. Kafin ki sake farawa, ki ɗora ɗan gwajinki a sikeli: in mai 15 da 15 ne, shawul ɗin ya ninka shi sau 48. Nauyin gwajin sau 48, ki ƙara ƙunshi ɗaya, ki je wurin Alhaji yau.

Sannan nawa kika ce mata?

'Yar Argungu:
Kuɗin zare da ɗan abin sabulu. Ƙawar mamata ce.

Malamar Lissafi:
Ido 120 sau layi 504 ya kama 60,480. Ko kina yin 25 a minti ba tsayawa, awa 40 ke nan, ban da dagin, ban da kwana taran da suka tafi. Ban ce ki canza magana ba, alkawari ya riga ya shiga. Na gaba dai ki san abin da kike bayarwa kyauta.

Maman Biyu:
Ka ji inda lissafi ya yi min daɗi. Amma Malama, in ka faɗi kuɗin awa 40 a garin nan, sai a ce maka na gwanjo yana nan a kasuwa, ko a kai wa mai keken saƙa ta gama a yini ɗaya.

Ta Kamba:
Shi ya sa ni manyan na bar wa keke. Da hannu sai abin da keke da gwanjo ba za su ba mutum ba: awonsa, launin da ya dace da leshinta, sunan jariri a kusurwa. Wanda ya zo neman wannan ba ya kawo maganar gwanjo.

Mai Zare na Tsohuwar Kasuwa:
Ruwan tokan da 'yar Argungu ta ɗauka saura ƙunshi shida mai wannan lambar rinin. Na ajiye mata zuwa Juma'a.

'Yar Argungu:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha biyu. Na warware, na naɗe zaren a bayan kujera na jiƙa shi ya bushe don ya saki lanƙwasar, na sake ɗora 120. Bakin ƙwayar shinkafa ya kwanta lafiya, ba naɗewa. Na kai santimita 70. Ban jira gamawa ba, na gwada dagin da allura a bakin farko don hankalina ya kwanta, 30 da 42 kamar yadda Malama ta ce. Ga hoto. Ya tashi tsaye, sai dai lanƙwasar tana da 'yan matakala in an matso kusa, kamar yadda Inna ta faɗa. Na kai wa Hajiya ta gani, na kuma gaya mata da allura na bi. Ta juya bayan ta duba, ta ce ya yi. Sai kuma ta ce tunda farin daban ake sawa, ɗaya bakin a yi mata shi da ruwan goro, kuma ƙanwarta tana son irinsa amma mai kusurwa uku.

Malama, a mai kusurwa uku ina dagin zai zauna, tunda layukan a karkace suke tafiya?

Malamar Lissafi:
In daga ƙeya kika fara, idanun kowane ɓangare a karkace suke, dagi zai kwanta a gicciye, kuma ƙashin bayan zai raba shi biyu. Fara daga tsinin ƙasa, ƙari ɗaya a kowane gefe, ba idon tsakiya. Layukan za su tafi a miƙe, ki sa shi a tsakiyar baya. Amma saƙa ɗan gwaji tukuna, da gaba-gaba kusurwar daban take fita, da mai santsi daban. Kuma wannan karon ki faɗi kuɗin kafin ki ɗora ido.

Inna ta Jega:
Jikata ta gwada min hoton. Ya yi. Ruwan goron dai ki jiƙa guntu nai cikin ruwan ɗumi da hwarin ƙyalle ki gani in shina zuba, kahin ki kusa da shi ga tokan.